Amsoshin Tambayoyinku: Maganin Kumburi da Jariri

Malama Hauwa daga Zariya tana tambaya ko ya dace a ba jariri sabon haihuwa Brufen idan jikinsa ya yi zafi.

To Malama Hauwa, Allah ya raya. Haƙiƙa Brufen da danginsa, wato magungunan raɗaɗi da kumburi, ba a ba jariri su a gida, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba, su kuwa suna rage jinin da ke isa ƙodar har fitsari ya ragu, kuma sukan haddasa zubar jini ko rauni a hanji. Likitoci kan ba bakwaini irinsa domin rufe wata jijiyar jini kusa da zuciya, amma bisa kulawa a asibiti. Zazzaɓin jariri kuwa, Malama, asibiti ake kai shi ba tare da jinkiri ba.