Me Zan Saurara Don Rubutuna Ya Inganta?

Tambaya: Ni tela ce a Gusau, nakan rubuta gajerun labarai da daddare. Lokacin karatu ya yi mini wuya, sai dai in saurara a waya ina kan keken ɗinki. Da me zan fara?

Amsa: 'Yar uwa, fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Labaransa daga bakin aku suke fitowa, shi ya sa suke zama a kunne. Lura da inda yake tsayar da zance ya bar ki da ɗokin ci gaba. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ki ji yadda matan gida ke magana ba tare da ƙawa ba.

Abu ɗaya yana damuna: da yawa masu karanta littattafai a YouTube ba su nemi izinin marubuci ba. Marubucin da ya burge ki, ki sayi littafinsa.

Naki labarin kuma, karanta shi a bayyane ki naɗa a waya. Duk inda harshenki ya sarƙe, nan ne gyara yake. In ya nuna, ki tura gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka buɗe wa mata tun 2016.