Hasken Rana da Dattin Kogin Ngadda

Duk wanda ya san Kasuwar Gamboru a Maiduguri ya san Kogin Ngadda da ke ratsa gefenta, ya kuma san abin da ake zuba masa: ruwan kwata, ruwan wanki da shara. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta kwashi irin wannan datti har cikin gidaje. Wannan maƙala za ta dubi wata dabarar kimiyya ta tsarkake gurɓataccen ruwa da hasken rana.

Asalin dabarar daga Japan yake. A 1972 Fujishima da Honda suka nuna cewa sinadarin taitaniyam dayoksaid, wato farar hodar nan da ake sa wa fenti, yana farfasa ruwa idan haske ya buge shi. Daga baya aka gano yana farfasa datti ma. Hasken ne ke tayar da ƙwayoyin lantarkin da ke jikinsa, su haɗu da ruwa da iskar oksijin, su haifar da wasu ƙwayoyi masu cin rini da maganin ƙwari har su mayar da su ruwa da iskar kabon. Shi kuwa sinadarin ba ya ƙarewa. Aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne, yana hura wuta amma ba ya ƙonewa. A ganina "sinadarin zuga" ya fi dacewa da shi a Hausa bisa ga aron sunan Turanci, ko da yake wannan magana ce ta masu ƙirƙirar kalmomi.

Sai dai akwai cikas. Hasken da ido ba ya gani, wato altarabayolet, shi kaɗai ke tayar da shi, kuma bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. A 2001 Asahi da abokan aikinsa a ɗakin binciken Toyota suka cusa masa naitirojin, sai ya fara amsa hasken da muke gani, wanda ya haura kashi 40.

Me ya sa ake shafa shi siriri a jikin gilashi ko tayil? Domin idan hoda aka barbaɗa, sai an sake tace ta daga ruwan. Shafe kuwa yana nan daram, ruwa ya bi ta kansa ya wuce.

Rana dai ba ta yi wa Borno rowa ba. Amma ruwan Ngadda na damina ja ne da laka, haske ba ya ratsa shi, dole a fara kwantar da shi da alif. Dalma kuma, da sauran ƙarafa masu guba, ba sa farfasuwa ko an kwana ana haska su.