Kafin a Sayi Sola: Shawarwari Takwas Ga Masu Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit, hankalin magidanta ya koma kan sola. Sola abu ne mai kyau. Sai dai gidan da ke ɓarnar wuta, ko an jera masa faranti goma a kan rufi, ɗibar ruwa ne da kwando. A fara toshe inda ake asara tukuna: zafin ɗaki, madafa, sannan kayan lantarki. Yawancin abin da ke tafe ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

1. A fara da rufin ɗaki. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma kwanon rufi da ba shi da silin yana sauke wannan zafin ne kai tsaye a kan mutanen ɗakin. A saka silin, a bar ƙananan kafofi a saman bango tsakanin silin da kwano don iska mai zafi ta sami mafita, a toshe su da raga saboda jemage da tsuntsaye. Wanda ya samu hali ya shafa wa kwanon farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi da ja mai duhu kuwa shanye shi suke yi. Mai sabon gini ya sa manyan tagoginsa su kalli kudu da arewa, suna fuskantar juna, ya rage na yamma ko ya yi musu rumfa. Magina na da sun san wannan sarai. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san yadda katangar ƙasa mai kauri da rufin azara suke riƙe sanyi ba tare da ko fanka ba. Ba a ce kowa ya koma ginin tubali ba, amma bulo siriri da kwano tsirara gini ne da zai ci kuɗin wuta muddin yana tsaye.

2. A shuka itace a yammacin gida, inda ranar la'asar ke dukan bango. Darbejiya da mangwaro suna da inuwa, sai dai a nisanta su da bango da masai saboda saiwa. Ruwan alwala kaɗai ya isa ya raini dashe. Ina roƙon masu gida su daina shafe tsakar gida kakaf da siminti: yana tara zafi har dare ya raba, kuma yana hana ruwan sama shiga ƙasa ya koma rijiya.

3. Madafa ita ce inda gidaje da yawa suka fi asara, kuma uwargida ce ke biya da ƙirjinta. A murhu mai duwatsu uku, yawancin zafin ta gefe yake tserewa, tukunya kaɗan take samu. A kewaye murhun da laka, a bar ƙofar itace guda da 'yar kafar hayaƙi; itacen da ake ƙonawa zai ragu a fili. A faskara itace ƙanana, a bari ya bushe sosai, don ɗanye hayaƙi ne kawai. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. Idan ruwa ya tafasa a rage wuta, domin ƙara wuta ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi, sai dai ya ƙone shi. Akwai kuma dabarar da ta dace da wake da shinkafa da naman da ke daɗewa bai nuna ba: bayan sun ɗan jima suna tafasa, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar. Masu gas su lura da harshen wuta. Shuɗi shi ne daidai, idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, kan murhun yana bukatar wanki. Abin da ya fi damuna shi ne hura gawayi da leda. Hayaƙinta guba ne, ga kuma goyo a baya yana shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 duk shekara. A yi girki a inda iska ke wucewa, a hura wuta da ƙirare ko karan dawa.

4. A canza ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Ƙwai goma na tsohon yayi, sa'a shida kullum, suna cin yunit 108 a wata. Na LED yunit 16 da ɗoriya.

5. Duk abin da aikinsa kawo zafi ko sanyi ne, shi ke cinye mita. Hita da dutsen guga da murhun lantarki kowannensu yakan ja wat 1,000 zuwa 2,000, wato fiye da ƙwan LED ɗari a lokaci guda. A tara guga a yi ta zama ɗaya. Da hunturu, baƙar jarka cike da ruwa da aka bari a rana tun hantsi takan ba da ruwan wanka mai ɗumi da yamma. Firji a janye shi kaɗan daga bango, a nisanta shi da murhu, kada a sa masa abinci da zafinsa. A gwada robar ƙofarsa da takarda: idan an rufe ƙofar a kanta ta zare ba wuya, sanyi na zurarewa, a canza robar. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya ajiye ta a digiri 25, ya haɗa da fanka, ya rufe tagogi, ya riƙa wanke ragarta saboda ƙura.

6. Kada a raina randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ne yake tafiya da zafi, shi ya sa ruwanta ke sanyi. A kan wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Tumatir da tattasai da gauta sukan yi kwanaki da yawa ba su lalace ba. Ta fi aiki a lokacin rani, sa'ad da iska take a bushe.

7. A raba shara. Ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki a tara su a rami, taki ne. Ƙarfe da gwangwani da robobi 'yan jari bola za su saya. Ledar ruwa kuwa kada a ƙona ta, kada a watsa ta a kwata. Ita ce ke toshe magudana, da damina ruwa ya shigo ɗaki. A tafi cefane da jaka ko kwando.

8. Yanzu sai a zo kan sola. A rubuta wat na kowane abu da sa'o'in da yake aiki kafin a je wurin mai haɗawa, don gidan da ya bi matakan baya ƙaramin batir zai ishe shi, kuma batir ne ya fi tsada. Farantan su ɗan karkata suna kallon kudu, nesa da inuwa, a riƙa goge su da sassafe, musamman lokacin hazo. Mataccen batir akwai dalma da ruwan guba a cikinsa, a mayar wa masu sayensa, kada yara su yi wasa da shi. Wanda har yanzu yake tayar da janareta, don Allah ya ajiye shi a fili, nesa da tagogin ɗakin kwana. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha hallaka iyali guda suna barci. Ko ruwa ake yi, ko ɓarayi ake tsoro, a gina masa keji a waje, kada a shigar da shi ɗaki ko zaure.