GIZO-GIZO MAI SAƘAR RAGA

'Yan'uwana ɗalibai, ranar Asabar muna sharar bayan ajinmu sai na ga wata yana a kan busasshiyar ciyawa, ta cukurkuɗe kamar tsohuwar raga, ƙananan ƙudaje sun maƙale a ciki. Na taɓa ta, ban ji danƙo ba. To, me ya riƙe ƙudajen? Wannan tambaya ce ta sa na yi bincike.

Da farko mu gyara wani kuskure da ke kayar da mu a jarrabawa. Gizo-gizo ba ajinsu ɗaya da fara ko sauro ba. Su ƙafa 6 gare su, jikinsu kashi 3. Shi kuwa ƙafarsa 8, jikinsa kashi 2, ba shi da fiffike. 'Yan ajinsa su ne kunama da kaska.

A shekarar 2022 nau'o'in gizo-gizo da masana suka rubuta sun kai 50,000, an kasa su dangi-dangi. Dangin masu saƙar raga shi ake kira Dictynidae. Wani masani ɗan Ingila, Pickard-Cambridge, ya sa masa wannan suna a 1871.

Ga kamanninsu:

1. Ƙanana ne ƙwarai. Yawancinsu ba su wuce milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar gero ko ta dawa.
2. Launinsu toka-toka ne ko ruwan ƙasa, da gashi mai laushi a jiki.
3. Yawancinsu idanu 8 gare su.
4. Da yawansu suna da wani faranti mai ƙananan ƙofofi kamar rariya a ƙarƙashin ciki. Ta nan zare siriri yake fitowa.
5. Akwai jerin gashi kamar matsefi a ƙafafunsu na baya.

Na huɗu da na biyar su ne amsar tambayata. Gizon yana sa matsefin ya taje zaren da ke fitowa daga rariyar har ya yi buzu-buzu, kamar yadda kakata take shiɓar auduga kafin ta yi kaɗi. Ƙwaro yana sauka sai zaren ya nannaɗe masa ƙafafu da gashin jiki. Gizo mai saƙar da'ira, irin wanda muke gani a lambu, yawanci da danƙo yake kamu. Wannan kuwa ba ya buƙatarsa, shi ya sa tarkonsa yake daɗewa yana aiki ko da rani.

Amma a kula, akwai wasu dangin da su ma suke da rariya da matsefi. Sai an duba da gilashin ƙara girma ake bambance su.

Yawancinmu da mun ga gizo sai mu ce tautau ne, mu ɗauko takalmi. Alhali wannan ɗan mitsitsin ba ruwansa da mutum, ƙananan ƙwari yake ci, har da masu ɓata amfanin gona.

Aikin gida: bayan girbi, duk mai bin hanyar Kankia zuwa Kusada ya duba kan busassun ciyayi da jikin darni. In ka ga saƙar raga, kada ka yage ta. Zana ta a littafinka, ka kawo wa kulob ɗinmu mu liƙa a nan.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare