Yadda ake dasa manhajar kwaikwayo a furojet ba tare da an taka lasisi ko dokar jami'a ba

A kowane sashen kimiyyar kwamfuta akwai ɗalibai ƙalilan da ba sa son furojet ɗin shafin rajista ko lissafin kantin magani, irin wanda ake jibgewa a kabad duk shekara. Su ne za ka ji sun ce za su ɗauki manhajar kwaikwayo, wadda ke sa wata na'ura ta yi aiki kamar wata, su dasa ta a inda ba ta saba ba. Mu ɗauki DOSBox, wadda wasu 'yan Holan suka fitar a 2002 don wasannin zamanin DOS su ci gaba da tashi a kwamfutocin yau, a ce ɗalibi zai mayar da ita wayar Android. Irin waɗannan yara hannunsu na da kyau, karatun takarda ne ba sa so, kuma a nan aikin yake farawa.

Kafin ka taɓa layi ɗaya, buɗe fayil ɗin da aka sa wa suna COPYING. Manhajojin kwaikwayo ba lasisinsu ɗaya ba. Snes9x ta hana kasuwanci da ita, MAME ma haka take har 2016 da ta koma GPL, mGBA tana kan lasisin Mozilla. DOSBox tana kan GPL ta biyu, wadda Richard Stallman da gidauniyarsa suka fitar a 1991, da ƙarin cewa za ka iya bin duk wadda ta biyo baya. Riƙe wannan ƙarin da kyau. Yawancin kayan Android suna kan lasisin Apache 2.0, wanda ba ya zama inuwa ɗaya da GPL ta biyu amma yana shiri da ta uku, ta 2007. Wanda ya ɗauki manhajar kwaikwayo ta QEMU ba shi da wannan ƙofa, domin gaba ɗayanta ta biyun ce kawai.

Daga nan sai littafin dokokin jami'a. Abu biyu kake nema: me suka ce kan satar aikin wani, kuma wa ya mallaki abin da ɗalibi ya ƙirƙira da kayan makaranta.

Na farkon ba wuya. Ka sauko da tushen manhajar kamar yadda masu ita suka bar ta, ka ajiye a Git ko waƙafi ba ka canza ba, ka sa masa alama. Duk abin da ya hau bayan wannan naka ne, kuma umarni ɗaya zai fito da shi layi-layi. GPL ta biyu ta wajabta a rubuta a kan duk fayil ɗin da aka taɓa cewa an canza shi, da ranar da aka yi. Wannan rubutun shi ne kuma shaidarka ranar kare furojet, idan malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗago kai ya ce, to a duk wannan wanne ne naka? Sunayen masu asalin aikin a bar su inda suke. Ɗalibin da ya goge su don aiki ya yi kama da nasa ya karya lasisi da dokar jami'a lokaci guda.

Shi aikin dashen kowa da hanyarsa: hoto, sauti, sai allon rubutu da za a zana a fuskar waya tunda babu maɓallai. Ranar da shuɗin akwatin maraba ya bayyana a waya, Z:\> na ƙiftawa a ƙarƙashinsa, wanda bai taɓa yi ba ba zai gane dalilin ihu a ɗakin kwana da ƙarfe biyun dare ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne miƙa aikin. Sashe ya ce kada a saki kod a intanet kafin a ba da maki, don kada wani ya kwafa. Ɗalibi kuma ya ji ana cewa GPL dole ce a saki komai, sai hankalinsa ya tashi. Ba haka take ba. GPL ba ta tilasta maka wallafa wa duniya. Ka gyara, ka yi amfani da abinka a ɗaki, babu mai bin ka bashi. Nauyin yana hawa kanka ne sa'ad da ka ba wani manhajar, kuma haƙƙin wanda ka ba ne. Don haka ka ɗauki miƙa wa malamai a matsayin rarrabawa, ka huta: a faifan da za ka ba su ka sa manhajar, da cikakken tushenta, da umarnin haɗa ta, da kwafin lasisin. Ma'ajiyarka ta GitHub ta zauna a rufe har sakamako ya fito. Amma ka kula da abokin da ya ce tura min in gwada. Kana tura masa ya samu haƙƙin tushen, da 'yancin ba wa wanda ya ga dama, kuma ba ka da ikon sa shi rantsuwar ɓoyewa.

Babban karon yana cikin takardar da ake ba ɗalibi ya sa wa hannu a ƙarshen zango, idan ta ce komai na jami'a ne, ba a kwafa sai da izininta. Ba za ka iya ba da abin da ba naka ba, kuma GPL ta hana a ɗora wa mai karɓa wani sharaɗi a kan nata. Sashe na 7 na GPL ta biyu ya yanke magana: in ba za ka iya cika sharuɗɗan lasisi tare da wani nauyi da ke kanka ba, to ba ka da izinin rarrabawa sam. Maganin shi ne a raba kaya biyu. Rubutaccen rahoton, babi biyar ɗin nan da ake ɗaurewa, aiki ne daban, jami'a ta riƙe shi yadda dokarta ta ce. Kod ɗin kuwa ya zauna a GPL. A ƙarshen lasisin kansa akwai samfurin gajeriyar takarda da makaranta ko wurin aiki za su sa wa hannu cewa ba su da da'awa a kan manhajar. Stallman ya daɗe yana ba mutanen jami'a shawarar su ta da zancen tun aiki bai yi nisa ba, kuma gaskiyarsa ne. A makon da aka amince da batunka za ka je ofis ka ce: "Ranka ya daɗe, wannan manhajar aro ce, da sharaɗinta ta zo. Ina so a rubuta a takardar amincewa cewa abin da zan ƙara zai bi shi." A lokacin sa hannu minti biyu ne. Ana saura kwana uku a kare furojet kuwa, sai a ce maka sai kwamiti ya zauna.

Wasannin da za ka nuna da su ba su cikin lasisin DOSBox, na kamfanoninsu ne, kada ko ɗaya ya shiga faifan. Rubuta 'yar manhajarka ta gwaji mai zana launi da fitar da sauti, ta wadatar. Harkar kwaikwayo ba ta rabo da lauyoyi: a Maris 2024 masu manhajar kwaikwayo ta Yuzu sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka rufe aikin.

Sakamako na fitowa ka buɗe ma'ajiyar. In kuma ka zaɓi raba manhajar kaɗai da rubutaccen alkawarin ba da tushe ga mai nema, ka sani alkawarin nan aƙalla shekara uku zai bi ka, har bayan ka gama bautar ƙasa.