Ɗigon Jini da Sirrin Mai Shi: Amanar Bayanai a Binciken Kimiyya

Duk ɗalibin da ya yi nisa a darasin ilmin halittu ya san cewa a cikin jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi da farare. Jajayen ba su da cibiya, amma kowace farar ƙwaya tana da ita, a cikin cibiyar kuwa akwai sinadarin gado wanda masana ke kira DNA, an shirya shi ɗauri 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Ke nan wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa ya ba da labarin kansa, ya kuma haɗa da wani yanki na labarin iyayensa da 'ya'yansa da danginsa, alhali su ba wanda ya tambaye su. A da sakamakon gwaji yakan tsaya a littafin ɗakin gwaje-gwaje. Yanzu kuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa ake shigar da shi, inda ake iya kwafarsa a aika da shi wata ƙasa kafin ƙiftawa da bismilla.

Abin da ya faru da ƙabilar Havasupai

Havasupai wata ƙaramar ƙabila ce daga cikin mutanen asali na Amurka, yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Suna zaune a ƙasan babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon a jihar Arizona, inda mota ba ta zuwa, sai dai a tafi a ƙasa, ko bisa alfadari, ko a jirgi mai saukar ungulu. Ciwon sukari ya addabe su ƙwarai, saboda haka a 1989 suka nemi wani malami na Jami'ar Jihar Arizona, wanda ya daɗe yana hulɗa da su, ya taimaka a gano dalili. Daga 1990 zuwa 1994 aka yi ta ɗibar jininsu. Abin da mutanen suka fahimta shi ne ciwon sukari za a bincika. Takardar amincewar da aka ba wasunsu kuwa an rubuta ta ne da faffaɗan lafazi, mai nuna za a yi nazarin cututtukan jiki da na ɗabi'a.

Ba a samu abin da aka je nema game da ciwon sukari ba, amma jinin bai koma ga masu shi ba. An adana shi a firji, an rarraba wa wasu masu bincike, aka yi amfani da shi wajen auna yawan auren zumunta a tsakaninsu, da kuma bin diddigin asalinsu, inda aka nuna kakanninsu daga nahiyar Asiya suka tsallako. Ƙabilar ta kuma yi zargin cewa an nemi alamun taɓin hankali a jinin. Sai a 2003 wata 'yar ƙabilar ta halarci wani zama a jami'ar inda ɗalibi ke gabatar da bincikensa, ta ji ana magana a kan jinin mutanenta, ta tambaya ko an nemi izininsu. A wannan shekara ƙabilar ta haramta wa masu binciken jami'ar taka ƙasarta, a 2004 kuma aka shigar da ƙara. An sasanta a 2010: jami'ar ta biya mutum 41 dala 700,000, ta kuma mayar da sauran jinin da ke hannunta.

Mai karatu zai lura cewa ba a buga sunan ko mutum ɗaya ba a cikin waɗannan bincike. Sunan ƙabilar aka buga, kuma a al'umma mai 'yan ɗaruruwan mutane wannan ya isa ya shafi kowa. In aka ce mutanen gari kaza suna da taɓin hankali a jininsu, wanda bai ba da jini ba ma zai ji a jikinsa ranar da ya je neman aure ko aiki.

Goge suna bai isa ba

Da yawa daga cikin masu bincike sun ɗauka da zarar an cire suna an sa lamba, magana ta ƙare. A 1997 wata ɗalibar ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa, Latanya Sweeney, ta nuna kuskuren wannan zato. Jihar Masacusat ta Amurka ta saki bayanan asibiti na ma'aikatanta domin masu bincike, bayan an goge sunaye, amma an bar ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa. Sweeney ta sayi rajistar masu jefa ƙuri'a ta birnin Kambirij a kan dala 20, ta gwama takardun biyu. Mutum shida ne suka yi tarayya da gwamnan jihar, William Weld, a ranar haihuwa. Uku ne maza. Ɗaya ne kawai ke zaune a unguwarsa. Haka ta fito da bayanan asibitin gwamna sukutum. Daga baya ta yi lissafi da ƙidayar 1990, ta ga waɗannan abubuwa uku suna iya ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa sinadarin gado lamarinsa ya fi haka wuya, domin shi kansa shaida ne. Ɗaurin da ake kira Y yana bin maza ne daga uba zuwa ɗa, kamar yadda sunan iyali ke bi a wurin Turawa. A 2013 Yaniv Erlich da abokan aikinsa suka ɗauki bayanan gado da aka sa a intanet ba suna, suka gwada su da na shafukan masu neman sanin salsalarsu, suka ƙara da shekaru da jiha, suka gano kusan mutum 50.

In gwamna ne aka gano, abin ya tsaya a 'yar kunya. Amma a yi tunanin mai kuturta, ko mai farfaɗiya, ko matar da ke fama da yoyon fitsari, ko mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Irin waɗannan mutane fallasa tana iya raba su da aure, da sana'a, da maƙwabta. A watan Janairun 2019 hukumomin Singafo suka sanar da cewa an bankaɗo sunaye da adireshi na mutum 14,200 masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau a intanet. Abin da ya shiga intanet kuwa, kamar ruwan da ya zube a rairayi ne.

A nan gida

Mu ma muna da namu darasin, ko da yake shi a kan neman izini ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma an nemi amincewa da baki. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da jama'a suka riƙa ambata. Nijeriya ta fito da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007, da dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau a 2014, da dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Doka dai tana takarda, aiki kuwa yana hannun mai bincike, ko da ɗan sakandare ne da malami ya aika ya tattaro yawan masu sikila a unguwarsu. Wajibi ne ya faɗa wa kowa, cikin harshen da yake ji, abin da za a yi da amsarsa, ya kuma gaya masa yana da ikon ƙi. Sa hannu a takardar Turanci ga wanda bai iya karatun boko ba, a ganina, ba amincewa ba ce. Yardar mai unguwa tana buɗe ƙofa, amma ba ta maye gurbin yardar matar da za a yi wa tambaya. Kada a tambayi abin da ba a bukata: in rukunin shekaru ya wadatar, a bar ranar haihuwa. Takardar da ke haɗa suna da lamba a ajiye ta daban, a kulle. Kada a ɗauki hoton mara lafiya da waya, domin wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, kada kuma a tura jerin sunaye a zauren WhatsApp na aji. In kuma daga baya aka so yin wani binciken da bayanan, sai a koma a sake neman izini.

Malami yana iya gwada lissafin Sweeney a ajinsa. Kowane ɗalibi ya rubuta watan haihuwarsa, da unguwarsu, da yawan 'yan'uwansa a 'yar takarda ba suna. A tattara, a cakuɗa, a riƙa karantowa ɗaya ɗaya, a ƙirga nawa ne aji ya iya gane masu su.