Kiran da ba a ɗaga ba

 Wasiƙar farko daga wani mai gyaran waya ce a Damagaram. Ya ce: "Da gaske ne ana iya shiga wayar mutum da kira kawai, ko bai ɗaga ba? Masu kawo mini gyara sun dame ni da tambaya."

Malam, da gaske ne, ya taɓa faruwa. A watan Mayun 2019 kamfanin WhatsApp ya sanar da cewa an gano ɓaraka a sashen kira na manhajarsa, kuma ta nan aka dasa wa mutane kusan 1,400 manhajar leƙen asiri ta Pegasus, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. A watan Oktoban shekarar kamfanin ya maka NSO na Isra'ila, mai Pegasus ɗin, a kotu a Amurka.

Ga yadda abin yake. Duk abin da ke tafiya a intanet, murya ko hoto, gunduwa-gunduwa ake aika shi, ana kiran kowace gunduwa fakiti, kuma kowane fakiti yana ɗauke da bayanin tsawonsa. Manhajar da za ta karɓe shi takan ware masa gurbi a ƙwaƙwalwar waya. To idan wanda ya rubuta manhajar bai sa ta auna abin da ya iso ba, sai ya zama an juye buhu a cikin mudu: mudun ya cika, sauran ya malale kan abin da ke gefe. Abin da ke gefen nan kuwa sau da yawa shi ne adireshin umarnin da waya za ta bi na gaba. Maharin ya san haka, don haka yakan tsara rarar ta yadda za ta faɗa daidai wurin, ta karkatar da wayar zuwa nasa umarnin. Kuma tun kafin waya ta yi ƙara ta riga ta fara karanta fakitocin kiran, shi ya sa ɗagawa ko ƙin ɗagawa bai hana komai ba. Ka faɗa wa masu kawo maka gyara cewa wanda irin wannan ya sama ba sakacinsa ba ne. Abin yana ci mini rai in ji ana zargin mutum da "taɓa abin da bai kamata ba", alhali kuskuren yana can wurin masu rubuta manhaja.

Sai wata ɗaliba mai karatun kwamfuta a Kano, tana tambaya me ya sa har yau aka kasa kawar da wannan matsala.

Ƙanwata, tushen yana cikin harsunan C da C++, waɗanda da su aka rubuta yawancin manhajojin da ke karɓar fakiti. Suna da sauri, amma ba sa tsare iyakar gurbi, sun bar wa mai rubutu wannan nauyi. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa duk shekara daga ƙwaƙwalwa suke. Ki duba abin da ya faru ranar 25 ga Janairun 2003: tsutsar kwamfuta mai suna Slammer, da ta bi irin wannan ɓaraka, wadda gaba ɗayanta bait 376 ce cikin fakiti guda, ta kama kwamfutoci kusan 75,000, yawancinsu cikin minti goma, ta durƙusar da intanet a Koriya ta Kudu. Yanzu ana komawa ga harsuna irin su Rust da ke hana wannan kuskure tun wurin rubutu, sai dai tsofaffin manhajoji ba sa sauyuwa dare ɗaya. Ke dai in kina rubutu da C, kada ki taɓa yarda da tsawon da fakiti ya faɗa, ki auna da kanki kafin ki kwafa.

Wani bawan Allah daga Kumasi ya ce sabunta waya yana cinye masa data, ko zai iya bari? Alhaji, kada ka bari. Maganin ɓarakar da tsutsar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ya fito a watan Maris na 2017, harin ya zo a watan Mayu, ya tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, kuma waɗanda ba su sabunta ba ne ya kama. Ka saka datar dare mai rahusa, ka jona wayar a caji, ta sabunta kanta kana barci.